Ledar da Baba ya binne

Shekara uku na yi ina aiki a wani shagon ɗab'i a Gyaɗi-Gyaɗi. Ni ne mai zama gaban kwamfuta, ina tsara katin biki, kalanda da zanen da ake bugawa a jikin kayan sayarwa. A lokacin kowa koren ganye yake so a kan kayansa, daga mai ruwan leda har mai cincin.

Wata rana wani Alhaji mai sarrafa garin kunu a Darmanawa ya zo. Garin nasa ba shi da laifi, gero ne da gyaɗa da waken suya. Damuwarsa ita ce a manyan kantuna ana tsallake nasa a ɗauki na waje.

Ya ce, "Ka zana mini gona, rana tana fitowa. Sannan ka rubuta cewa ledar tana narkewa a ƙasa ta zama taki."

Na ce, "Alhaji, da gaske tana narkewa?"

"Wanda ya sayar mini ya ce irin ta zamani ce. Kuma wane abu ne ba ya narkewa in ya daɗe?"

Na murza ledar a hannuna. Ban ji bambancinta da wadda ake zuba omo ba. Amma maigidana yana tsaye a kaina yana murmushi, sai na kama aiki. Har na ƙara da tawa: "Ka sha kunu, ka ciyar da ƙasa." Ranar na tashi ina jin kaina.

Mahaifina tsohon direba ne. Tun da ya ajiye tuƙi ya mayar da ɗan filin bayan gidanmu a Daurawa lambu: rama, alayyafo, zogale guda biyu. Mutum ne da ya yarda da duk abin da aka buga da inji. Da na kai masa leda ɗaya ta garin, ya sa tabarau ya karanta har sau biyu.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, Baba."

"To madalla. Ashe zamani ya kai nan."

Bayan mako biyu na tarar da shi tsugune da fartanya, yana jera ledojin a rami kamar mai dashen albasa. Ya bi maƙwabta ya ce duk mai shan garin ya tara masa. Har a ƙofar masallaci ya yi bayani, yana cewa ɗansa ne ya rubuta. Mutum biyu suka koma gida suka yi irin nasa.

Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga yadda fuskarsa take haske. Na ce wa kaina wataƙila gaskiya ne, ni ma ai ban gwada ba.

Daga nan zama ya gagare ni. Na cika wani tsohon bokitin fenti da ƙasa a bayan shago, na binne leda ɗaya, kullum sai na zuba ruwa na tona. Idan na zauna aiki sai in tashi, in leƙa bokitin, in dawo, in manta abin da nake yi. Sau biyu ina buga katin biki da sunan amarya ba daidai ba. A cikin adaidaita, idona na kan kwata, ina neman ranar nan mai fitowa da na zana a jikin ledar. Kuma ina ganinta, tana yawo a kan baƙin ruwa.

Da damina ta yi nisa na je wurin Alhajin. Ya saurare ni yana danna waya.

"Malam, wani ya yi ciwon ciki ne?"

"A'a."

"To mene ne? Magana ce ta kasuwa, kowa ya san haka."

Na ce babana bai san haka ba. Ya ɗago ya dube ni, ya ce an riga an buga da yawa, sai sun ƙare.

Ramar Baba ta fara yin ruwan ɗorawa. Ruwa ya riƙa kwanciya a wurin, ba ya nutsewa. Wata Asabar da safe ya kira ni in riƙe masa kwando, ya kafta fartanya. Ledojin suka fito garau, ko launinsu bai dushe ba, saiwoyi sun nannaɗe a jikinsu.

Ya ce, "Ko dai lokacinta bai yi ba?"

Na ce, "Baba, ba za ta narke ba."

Ya daɗe yana kakkaɓe ƙasa daga guda ɗaya.

"Ka sani tun farko?"

"Ban tabbata ba. Na dai yi zargi."

"Ka yi zargi, ka bar ni na tsaya a ƙofar masallaci?"

Bai yi faɗa ba. Ya shiga ɗaki ya sa hula, ya miƙo mini fartanyar ya ce in biyo shi. Gidan maƙwabcinmu tela muka fara zuwa. Baba ya yi sallama, ya ce, "Abin da na faɗa maka ba haka yake ba. Ga wanda zai tone." Ya zauna a benci suna hira, ni kuwa ina haƙa, matar gidan tana leƙe ta taga. A gida na biyu rana ta take, tafin hannuna ya yi bororo. Mai gidan ya ce a bar shi haka, Baba ya ce a'a.

Da ledojin Alhaji suka ƙare, wani shago ya kai aikin. An cire maganar taki, an sa "Muna ƙaunar muhalli". Ban san me za a tona a gwada wannan ba.

Ni ban bar aikina ba a lokacin, ba ni da wani. Mun yi kwanaki ni da Baba gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ranar da ya sake yi mini doguwar magana, cewa ya yi in nemo masa kashin awaki buhu biyu, kuma in buɗe in duba da idona kafin a ɗaure bakin.