Kunnen Malam Mika'ilu

Idan mutum ya ba ka amsa daidai, amma ba da kunnen da kake zaton ya saurara da shi ba, ya cuce ka ko bai cuce ka ba? Wata uku ke nan ina juya wannan tambaya ban samu mafita ba. Wanda ya jefa ni cikinta shi ne Malam Mika'ilu mai gyaran rediyo na gefen tashar Kura, wanda ya shekara talatin da huɗu a rumfa ɗaya.

Kullum kafin masu a-daidaita-sahu su cika tasha ya riga ya share gaban rumfarsa, ya jona ƙarfen dalma, ya jera rediyoyin manoma da ƙasar gona a jikinsu. Da zamani ya juya, sai samari suka koma kawo masa hedifon da iyafis. Daga Bunkure, daga Madobi, mutum zai hau babur da abin da ya sayo a birni, don kawai Malam ya sa a kunne ya ce mai kyau ne ko jabu. Ba ya duba kwali, ba ya tambayar farashi.

Sauti ɗaya yake gwaji da shi. Tun yana saurayi ya ɗauke shi a kaset a bakin babban kanal ɗin ban ruwa, daga baya ya mayar da shi kan mimori. Ruwa ne yake zuba da ƙarfi. Bayan ruwan, fartanya tana bugun dutse sau uku. Can baya kuma, siririya ƙwarai, muryar mahaifiyarsa marigayiya Ummukulsum ce take kiransa. Hedifon ɗin banza, ruwa kawai yake kawowa. Matsakaici ya kawo fartanya. Na ƙwarai ne kaɗai yake kawo tsohuwa. Ba wanda ya san haka a lokacin, don bai taɓa yarda wani ya sa kunne ba. Duk wanda ya roƙa, amsa ɗaya ce: "Wannan ba na kasuwa ba ne."

Hedifon da suka mutu ma ba ya zubarwa. Yakan cire wayoyin, ya cusa soso, ya raba wa ma'aikatan injinan casar shinkafa kyauta. Ɗanbaba, wanda ya tsufa a bakin injin, ya ce mini, "Da farko dariya muke, wai ya mai da mu matuƙan jirgin sama. Yau waɗanda suka ƙi sawa, sai ka yi ihu kafin su amsa sallama." Shi kuwa Malam, bango ɗaya ne tsakanin rumfarsa da injin, amma bai toshe nasa ba. Da me zai ji aiki?

Malam Mika'ilu, kai ne ka tsare kunnuwan gari ka bar naka a buɗe. Kai ne mai mayar da kayan abokinka idan jabu ne, mai yabon na baƙo idan ya cancanta.

Bana, ana girbin shinkafar rani, muryar tsohuwa ta ɓace. Aka kawo hedifon, ya saurara, bai ji ta ba, ya ce jabu ne. Aka kawo wani, haka. Sai da ya ɗauko nasa na amana, wanda ya shekara goma yana kawo ta, ya ji ruwa da fartanya kawai, sannan ya gane kunnensa ne, ba kayan ba. Mutum biyu ya riga ya tura suka je suka yi rigima da masu shago a kan kaya mai kyau. Daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. Ya ci gaba da yanke hukunci da hannu: nauyin abu, kaurin waya, yadda bugun sauti yake taɓa kunci. Yawanci yana dacewa. Amma duk wanda ya ce "Malam ya saurara," sai Malam ya sunkuyar da kai. Bayan wata guda fartanyar ma ta tafi.

Ana haka Taufiq ya iso, magidancin da yake ɗaukar sautin karatun malamai da waƙoƙin biki. Albasarsa ta bana kaf ya sayar don ya sayi kayan sauraro na gaske, mai shago a Kano ya ba shi iri biyu, da sharaɗin ya mayar da ɗaya kafin la'asar. Na farko ƙaramar na'ura ce kamar sabulu, da akwatin ƙara sauti manne a bayanta, da ƙaton hedifon mai raga. Na biyu ɗan abu ne kamar yatsa da ake jonawa a waya, da iyafis masu shiga can cikin kunne.

"Baba Mika, wannan ƙaton sai ka ce tukunyar tuwo a ka, wancan kuma kamar ƙwayar gero. Raba mini gardama."

Malam ya sa na farko. Ruwa. Ya sa na biyu. Ruwa. Hannunsa ya riga ya gaya masa wanda ya fi, kuma mai yiwuwa hannun bai yi kuskure ba. Kalma ɗaya zai faɗa, Taufiq ya hau babur da murna, sunan rumfa ya tsira. Gumi ya keto masa.

"Lafiya, Baba? Ko duka biyun an yi mini sakiyar da ba ruwa ne?"

A nan tambayata ta tsaya, kuma har yau ban san hukuncinta ba. Abin da na sani, akwai masu sana'a da yawa a garuruwanmu da ido ko hannu ya fara gaza musu, suna ɓoyewa, mu kuma muna dogara da su. Ina tsoron ranar da za mu rasa irin Malam. Mun gode, Malam Mika'ilu, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya. Masu sana'a, ku dubi abin da ya yi a ranar.

Ya cire iyafis ɗin, ya goge su da gefen rigarsa.

"Taufiq, kunnena ya tafi. Matso ka zauna."

"Haba Baba, wace irin magana ce wannan?"

"Zauna na ce. Za ka ji ruwa. Kada ka bi ta kansa, nemi fartanya, sau uku. Idan ta wuce, ka riƙe numfashi."

Da hannunsa ya ɗora masa ƙaton hedifon ɗin, ya danna. Taufiq ya runtse ido. Ya ɗaga yatsa ɗaya, biyu, uku. Sai ya buɗe ido.

"Baba, akwai wata mata can nesa."

Malam ya sunkuyo har gemunsa ya kusa taɓa kafaɗarsa.

"Ɗaga murya, ɗan nan. Me take cewa?"

"Wai Mika'ilu, ka ajiye rediyon nan ka zo, tuwo zai huce."