Baffa Hedimasta da Matar Cikin Waya

Duk wanda ya san Baffa Hamisu, yayan mahaifina, ya san ba ya karɓar abu sai ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya kanga kunne, sannan ya ce, "Wa ya aiko ka?" Kankana, sabuwar fitila, har saurayin da ya zo neman aurena sai da ya sha wannan tambayar, Allah dai ya tsare bai ƙwanƙwasa shi ba. Ya ƙare aikinsa yana hedimasta kuma yana koyar da Turanci a firamare a Roni, kuma rabin magidantan garin daga bakinsa suka fara jin harshen. Da wannan yake taƙama, ba da gona ko gida ba.

Ni na jawo masa masifar. Ina shirin jarrabawar aikin jinya, sai na sauke wata manhaja a waya. Muryar wata Baturiya ce take faɗin kalma, ka maimaita, in ka yi daidai ta nuna kore, in ka kauce ta nuna ja. Baffa ya same ni a tsakar gida ina ta fama, ya ce, "Rakiya, kawo nan in nuna mata yadda ake yi." Ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya zuba Turanci irin na taron iyayen yara. Ja! Ya sake. Ja wur!

Ya ƙwanƙwasa wayar. "Wa ya aiko ta?"

"Baffa, ai na'ura ce."

"Na'urar ita ta haifi kanta? Akwai mai ita, kuma ya san ni."

Daga ranar wayata ta zama tasa, wai bincike yake. Ya kanga ta a bakin rediyo lokacin labaran Turanci, ya laluba har ya dace da kalmar da take nema, ta ba mai labaran kore. Baffa ya tafa hannu. "Kin gani? 'Yan gari ɗaya ne! Ta ji muryar ɗan'uwanta."

Bai tsaya nan ba. Ya tara tsofaffin ɗalibansa a gindin darbejiyar ƙofar gida, masu furfura da jikoki, har da Sale mahauci da wuƙarsa a ƙugu. Ya jera su, kowa ya faɗa. Wallahi duk inda Baffa ya samu ja, nan su ma suka samu, babu wanda ya kuskure. Sale ya ce, "Malam, to ko dai mu ne..." Baffa ya katse shi: "Rufe mini baki! Yanzu na gane. Ba ni take nema ba, Roni gaba ɗaya take nema."

A gida kuwa, in za a yi maganar iyali, sai ya jefa wayar cikin tukunya ya kife murfi, wai kada ta kai rahoto. Amma wata rana na kai masa fura gona, na tarar da shi a bayan kuka, ya turo harshe tsakanin haƙora yana ta hura iska kamar mai fifita shayi. Ya gan ni, ya maze. "Tarko nake ɗana mata."

Ran da ta ba shi kore kuwa, gidan bai zaunu ba. Na ce, "Barka, Baffa!" Ya harare ni. "Jiya ja, yau kore? Wa ya ba ta goro? Rakiya, faɗi gaskiya, ke kika roƙe ta?"

Muna ta dariya, ashe abin yana cinsa a rai. Sai da ciwo ya kwantar da shi a asibiti a Kazaure na sani. Ina ba shi kunu ya riƙe hannuna, ya ce, "In matar nan gaskiya take faɗa, to na cuci 'ya'yan mutane. Amana aka ba ni. Me zan ce wa Allah?" Zuciyata ta karye.

Likitan da ya shigo duba shi da hantsi, Dakta Nasiru, ɗan Roni ne, ya yi aji a hannunsa kafin ya je karatu Ingila. Baffa ya kama masa riga. "Kai, tsakaninka da Allah, da ka je can sun gane maganarka?"

"Sun gane, Malam. Da ita na ci jarrabawa, da ita na duba marasa lafiyarsu."

"Ƙarya kake, tausayina kake ji. Faɗi in ji."

Sai Dakta Nasiru, babban likita guda, ya ajiye abin awonsa, ya ƙame, ya harɗe hannu a ƙirji, ya rera, "Guuud mooonin saaa!" da muryar 'yan aji uku sak, har ma'aikatan jinya suka leƙo. Baffa ya daɗe yana kallonsa, idonsa ya cika. Ya ce, "Har yanzu ba ka buɗe baki sosai." Sannan ya zaro wayar daga ƙarƙashin matashi ya miƙo mini. "Karɓi abarki. Ki gaya wa matar nan na yafe mata."

Bai kai Juma'ar da ta biyo ba. Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka kabarinsa, ya karɓi amanar da ya riƙe da iyakar abin da ya sani, ya yafe masa kamar yadda ya yafe. Amin.