Littattafan da Kaka Ta Kai Kogi

Duk ƙauyenmu sun ɗauka ni mai son addini ce. Ba haka ba ne. Labaran soyayya nake karantawa, da na ɓarayi da 'yan sanda, waɗanda malamarmu ta Larabci a sakandaren garin Abu Hujar take ba ni in bangonsu ya cire.

Kakata ce tushen kuskuren. Ba ta iya karatu ba, kuma a wurinta duk takardar da ke ɗauke da baƙin Larabci mai tsarki ce. Ko takardar ƙunshin shayi ta gani a ƙasa sai ta tsince, ta kai goshi, ta cusa a jinka. Saboda haka in na buɗe littafi babu mai aikena.

"Ku ƙyale ta," in ji ta. "Uwata ta taso daga Sakkwato a ƙafa za ta Makka, nan goyo ya tsai da ta, ko alif ba ta sani ba. Wagga ɗiya ta fid da mu kunya."

Inna da yayyena suna bakin kogi suna noman albasa, ni kuwa littafi ya kai ni wani birni inda mace ke shiga jirgin ƙasa ita kaɗai, ba mai tambayarta ina za ta. Ban ji nauyinsu ba, gaskiya.

Daminar da na gama makaranta ɗakinmu ya yi yoyo, kwalin da nake ajiye littattafan ya jiƙe, shafuka suka manne. Ranar da na tafi gidan suna, kaka ta ƙulle su a zane ta sakar wa kogi, yadda ake yi wa tsohon rubutu don kada ƙafa ta taka. Da fara'arta ta faɗa mini.

Na kira ta yadda muke kiran kaka da Larabcin nan, na ce, "Habboba, ba na addini ba ne. Tatsuniyoyi ne kawai."

Ta ce, "Duk shekarun ga?"

Inna tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ni tuni na sani. Wa ka ƙyaƙyata dariya cikin karatun Allah?"

Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta dai daina kirana kan tabarmarta, labarin uwarta ma ban sake jin sa ba. Malamar an riga an mai da ita garin Rusairis, ba inda zan samo wasu littattafan. Zancen jami'a kuwa bai taɓa tashi a gidanmu ba.

Ban jira a miƙo mini fartanya ba, da safe na ɗauka da kaina. Na ƙudurta zan riƙa ba yayyena labaran a gona, ɗaya bayan ɗaya, kafin su zube mini daga kai.