Wasan da Za a Yi a Waje

Har yau in na ji ƙarar kamiyo, babbar motar kaya, sai in rufe ido, kuma duk a kan kalma ɗaya ce ta Faransanci.

Kawuna ya yi shekaru yana buga ƙwallo ana biyansa, a Yamai da Abijan, har ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Da ya dawo Magariya aka ba shi horar da samarin gari, da sharaɗin in aka ci su a wasan farko za a ba wani. Yana jin Faransanci a kunne, amma bai iya karantawa ba. Ni ce 'yar kwaleji a gidan, ni ya miƙo wa takardar wasansu da Dungas.

Na karanta a zuci, don kada in yi in-ina a gaban mutane. An rubuta à l'extérieur.

"Kawu, ran Asabar ne ƙarfe huɗu. Sun ce a waje za a yi."

"A waje? Da a cikin rumbu suka so mu yi?"

Aka yi ta dariya, har da ni.

Ran Asabar aka share filinmu, aka ja layi da toka. Azahar ta wuce, babu ko ɗan Dungas ɗaya. Sai ga mushenmu, wato malaminmu na Faransanci, a kan keke. Ya karɓi takardar ya karanta da ƙarfi. Kawu bai jira fassara ba.

"'Yar nan, waje a ƙwallo garin mutane ne. Me ya hana ki karanta da baki in ji?"

In ƙarfe huɗu ta yi ba mu Dungas, an cinye mu ke nan ba a buga ba, aikin Kawu ya tafi.

Kamiyon gyaɗa kaɗai aka samu. Shofer ya ce birkinsa sai an roƙe shi tun daga nesa. Kawu ya ce in hau, in je in yi wa alƙalin wasa bayani da Faransancin nawa.

Ban ga hanya ba, idona a rufe yake. Na dai san buhuna suna tashi sama da mu, mai tsaron gida yana salati, wani yana roƙona in rubuta masa wasiyya. Kallabina yana can kan wata ƙaya.

Mun isa alƙali yana duban agogo. Samarin suka sauko suna tangaɗi, babu mai iya gudu. Kawu ya dube su ya ce, "To, kada kowa ya yi gudu. Ku tsaya bakin gida ku duka."

Suka tsaya kamar shanu a bakin rijiya. 'Yan Dungas suka yi ta buga ƙwallo tana dawowa. Dab da tashi ta bugi ƙeyar wani namu, ta faɗa gaban ɗaya da jirin ya sake shi, ya ruga ya zura. Da ita muka ci wasan.

Bana an kira Kawu Damagaram, manyan 'yan wasa yake horarwa, kuma da tsayuwar nan yake cin mutane. In an tambaye shi inda ya koyo ta, sai ya ce Abijan.

Ni kuwa a jaki na dawo daga Dungas, kwana biyu.