Tuda, Kin Tafi da Sirrin Jikata

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga Sha'aban, bayan la'asar, Tuda Hammu ta rasu a ƙauyenmu na Tigramt. Shekara sittin muna ƙawance, muna faɗa.

Tuda, ni Itto ce. Na zo yabonki, amma da ƙorafina.

Da jikata Izza ta dawo daga makarantar kwana bayan rasuwar uwarta, sai ta daina magana. Ma'aikatan wata ƙungiya suka hawo daga birni, suka zaunar da ita gaban tebur, suna yi mata tambayoyi da Larabci, wai ta dube su ido da ido. Kika leƙo kika ce, "Ku 'ya'yan nan, yaranmu ba sa magana ana kallonsu. Ku ba ni ita."

Kika zaunar da ita gefenki wurin saƙar darduma, kafaɗa da kafaɗa, ido a kan ulu, hira da harshenmu na Tamazight. Wata biyu, yarinya ta buɗe baki. Daga baya ma'aikatan da kansu suka riƙa kawo miki 'yan mata, har goma sha ɗaya, su kuwa suna tsugune a bakin ƙofa suna koyo.

Ni da na goya ta, ko kalma ban samu ba. Na kawo miki zuma, na ce ki ɗan gutsura mini abin da take faɗa. Kika lashe zumar tas, kika ce, "Tsohuwar banza, bakinki ya fi kasuwar Laraba." Na yi kwana tara ban gaishe ki ba. Gaskiya kika faɗa, shi ya sa ya yi zafi.

Tun da aka binne ki nake tsoron kada shirun ya dawo. Jiya Izza ta jawo ni gaban dardumar da kika bari rabi. Saƙata kin san ta, karkatacciya. Ta ce, "Kaka, daina kallona, kalli zaren." Na sunkuyar da kai. Can sai ta fara magana, har magariba. Duk labarinki ne, Tuda. Ko sunana bai fito ba. Na haɗiye kishina, na ci gaba da ƙulla zare, gobe ma zan koma.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki har da zumata. Ɗanki Muha da dukan gidan Hammu, da 'yan matanki, Allah Ya ba mu haƙuri. Amin.