Furen Kawu a Al Asmakh

A shekarun da na yi ina tuƙa motar ma'aikata a Doha, wani tsohon gida ne masaukina a unguwar Al Asmakh, mu huɗu a ɗaki. Babbanmu dattijo ne Bafulatani daga tsaunin Mambila, yana gadin wani shagon kayan gini. Ba mu haɗa dangi ba, amma dukanmu Kawu muke ce masa. Ni kuwa mutumin Haɗeja ne, ƙasar da in ka tsaya kana hango mai keke tun yana ɗan ɗigo. Tsauni a hoto kawai na san shi.

A saman gadon Kawu akwai wani ɗan damin fure rataye a ƙusa, an ɗaure shi da zare. Furannin rawaya ne, kowanne bai wuce maɓallin riga ba, in ka taɓa sai ka ji ƙaras-ƙaras kamar takarda. Na daɗe ina zaton na roba ne. Wata Juma'a bayan mun ci abinci na tambaye shi ko a kasuwar Asian Town ya saya.

Ya dube ni kamar na zagi saniyarsa. "Roba? Miƙo mini ruwan nan."

Ya tsoma yatsu a kofi ya yarfa wa furen. Muna zaune muna kallo, sai ga su suna tsukewa a hankali, har kowanne ya dunƙule ya koma kamar ƙwayar gero babba. Na matsa baya ina salati, sauran suna ta yi mini dariya. Kafin la'asar, da suka bushe, sun sake buɗewa.

"Haka yake yi a gida in gajimare ya sauko," in ji Kawu. "Tsinke shi da aka yi bai sa ya manta ba."

Matarsa ce ta cusa masa damin a jaka ranar da zai taho. Ya faɗi sunansa da Fulatanci, harshena ya kasa, sai muka bar shi a furen Kawu. Daga ranar nan, in hira ta yi daɗi, can take komawa. Ya ce ba a samun furen a gindin tsauni, ko a kurmin da ke kwarin. Sai ka hau ka wuce inda itatuwa suka ƙare, inda ciyawa gajera ce kuma iska ba ta hutawa, a nan yake fitowa a tsagar duwatsu. Ganyensa fari-fari ne mai gashi kamar auduga, gashin nan ke tare masa sanyin asuba da zafin rana. Shanu ba sa cinsa. Yakan yi fure in damina ta ja baya, kuma ko an saka wa ciyawa wuta, saiwarsa na nan a ƙasa da tauri kamar itace, ruwan farko na sauka zai toho.

A watan Agusta, lokacin da iskar teku ke jiƙa mutum tun bai yi taku goma ba, na'urar sanyaya ɗakinmu ta lalace. Furen ya tsuke ya ƙi buɗewa har aka gyara. Kawu ya ce, "Wayyo, ya ɗauka gida ya koma."

Da sanyi ya shigo sai ya murtsuke wasu furannin a tafin hannu, ya fitar da 'ya'yan, ƙanana masu ɗan gashi a kai. Ni na samo masa ƙasa daga wani lambu da nake kai ma'aikata, ya gauraya da tsakuwa a gwangwanin madara, muka ajiye a bakin taga. Kullum kafin ya fita sai ya fesa ruwan firij da bakinsa, wai raɓa yake yi musu. Muna tsokanarsa cewa ya zama kafil, mai ɗaukar nauyin 'yan ci-rani, ya kawo baƙi Qatar ba biza.

Ba mu zaci komai ba, amma biyu suka tsiro. Na dawo daga aiki na tarar da shi durƙushe gaban gwangwanin, bai ko cire rigar gadi ba.

"Zo ka gani, ɗana. Ga gashin nan."

Na duƙa. Ganyen bai kai farce ba, amma da farin gashinsa luf-luf. Ban taɓa ganin Kawu cikin irin wannan murnar ba. Har shayin karak ya saya mana.

Ɗaya ya mutu a Afrilu. Ɗayan muka yi ta yawo da shi, daga taga zuwa ƙarƙashin na'ura, har cikin firij mun taɓa sa shi da tsakar rana. A Mayu shi ma ya kwanta ya bushe. Na zaci Kawu zai damu, sai ya zazzage gwangwanin ya wanke.

"Khalas, shi ke nan. Ya yi ƙoƙari. Ni da nake da ƙafa da baki ma da ƙyar nake sha."

A ƙarshen shekarar kwantiraginsa ya ƙare, gwiwa kuma ta fara damunsa, ya koma gida. Ni na kai shi filin jirgi.

Bayan wasu watanni, ina jiran ma'aikata a unguwar Madinat Khalifa da rana tsaka, sai ga kiransa na bidiyo. Hoton yana ta yankewa. Ba na jin komai sai kukan iska da hakinsa.

"Na hau, da gwiwar tawa! Ga su nan birjik. Ka gani?"

"Kawu, fari kawai nake gani."

Ya ƙyalƙyale da dariya har da tari. "Gajimare ne ya rufe mu. To tsaya, kada ka kashe, yanzu zai wuce."

Na kashe injin motar, na kare wayar da hannu saboda hasken rana, na zauna ina jira tare da shi.