Shida Bisa Ashirin

Shekara uku bayan na gama karatun shari'a a jami'a, ina aiki a wani ɗan buro, wato ofis, a Illela inda ake yi wa mutane takardun haihuwa. Aikina shi ne in tambayi sunan yaro, sunan uba, sunan uwa, in rubuta, in miƙa a buga hatimi. Ranar kasuwa layi kan kai har bakin ƙofa. Ba don wannan na yi shekaru a Yamai ina haddar dokoki ba, amma shi ne abin da ya samu.

Wata rana da hantsi wata ƙawata da muka yi jami'a tare ta turo mini hoto a salula. Sanarwa ce: an buɗe jarrabawar shiga makarantar da ake horar da alƙalai. Wani ne ya ɗauki hoton takardar a jikin allo, shi ma wani ya tura masa, har ta iso gare ni a ɗan karkace, gefe guda da inuwar yatsa. Na karanta abin da ake buƙata, na karanta darussan da za a yi: dokar mu'amala, wato aure da gado da ciniki, sai dokar laifuka, sai tsarin kotuna, sai kuma wani dogon rubutu a kan al'amuran duniya. Kowanne bisa ashirin. A ƙasa an ce wanda ya kai goma shi za a kira ga tambayoyin baki. Na ce a raina, wannan ai ba wani abu ba ne. Tun lakwal ta farko, wato firamare, na san goma bisa ashirin ita ce iyaka.

Ranar Juma'a na tafi gida Tajaye na gaya wa mahaifina. Manomi ne, bai yi boko ba, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana.

Ya ce, "To, uwata, in kin ci wagga jarrabawa, mi za ki zama?"

Na ce, "Zuzu, Baba. Alƙaliya ta gwamnati."

Ya ce Allah ya sa alheri. Kafin la'asar rabin unguwa ta ji.

A Konni akwai wani tsoho da ya yi shekara da shekaru yana magatakardan kotu kafin ya yi ritaya. Abokin kawuna ne. Ya yarda in riƙa zuwa duk Asabar. Nakan shiga motar farko daga Illela, in sauka tasha, in hau kabu-kabu zuwa gidansa. Muna zama a zaure, shi bisa kujerar roba, ni bisa tabarma, tsoffin littattafansa a tsakaninmu. Malam ya san shari'a kamar yadda mace ta san madafinta. Zai kawo rikicin gona tsakanin ƴan uwa, ya ce in yanke. In na yanke ya ce, "Da wace aya?" In na yi jinkiri ya buga sanda a ƙasa.

Sau ɗaya na tambaye shi game da rubutun nan na al'amuran duniya.

Ya yarfa hannu. "Surutu ne, ɗiyata. Wanda ya iya Faransanci ya gama. Alƙali da doka yake aiki, ba da surutu ba. Buɗe littafi."

Na ji daɗin amsar, don ni ma abin da nake so ke nan. Wata biyar na yi a haka. Bayan sallar asuba karatu, lokacin hutun rana a buro karatu, har na daina zuwa biki da suna. Dokar gado kuwa ko daga barci aka tashe ni zan zuba ta.

Jarrabawar a Yamai aka yi, kwana biyu. Uku na doka sun zo mini yadda nake so. Da aka raba takardar rubutun kuwa sai da na yi murmushi. Tambayar a kan matasan karkara ce da ke barin gida suna tafiya neman kuɗi. Ni ƴar Tajaye, inda da an gama girbi gari kan koma na mata da tsofaffi, wa zai gaya mini wannan? Na cika shafi takwas. Na ba da labarin gonakin da ake bari, da matan da ke jiran waya, da waɗanda ke dawowa da rediyo da tari. Na fito ina jin na fi kowa.

Da sakamako ya fito, babu sunana.

Na karanta jerin sau huɗu a salula, na sa ƙawata ta je ta duba allon da idonta. Babu. Na rubuta takardar neman makina, na jira mako bakwai, ina buga waya ana cewa mai sa hannu ya yi tafiya. Ranar da takardar ta iso na buɗe ta a tsaye. Dokar mu'amala sha huɗu. Dokar laifuka sha uku. Tsarin kotuna sha biyu. Rubutu, shida.

Shidan ta yi mini ciwo, amma ban tsaya a kanta ba. Na ɗauki bik ɗin rubutu na haɗa makin duka a bayan ambulan: arba'in da biyar. Na raba huɗu: sha ɗaya da kwata. Na sake yi, haka ya fito. Na wuce goma, kuma ba a kira ni ba.

Asabar na kai wa Malam. Ya sa tabarau, ya yi lissafin da kansa, ya cire tabarau.

"An cuce ki," in ji shi. "An ba ɗan wani gurbinki. Kawo takarda."

A ranar muka rubuta ƙorafi shafi uku, da irin Faransancin kotu mai nauyi, kowace jimla kamar za ta fasa tebur. A gida kuma Baba ya ce, "In sun ce goma ce iyaka, ke kuma kin samu sha ɗaya har da ɗori, to mi ya rage? Ko dai sai an ga wani babba?" Har ya fara lissafa mutanen da za mu je wa. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, akwai wani daɗi a cikin fushin nan. Ya fi sauƙi a ce an zalunce ni.

Kafin in aika takardar na biya ta Malbaza, gidan yayana. Matarsa, wadda nake kira Yaya, malamar lissafi ce a kwaleji, mace marar yawan magana, kuma ba ta iya lallashi ba. Na same ta tana gyaran zogale. Na ba ta labari da zafi-zafi, na miƙa mata takardar makin don ta tabbatar da abin da na riga na sani.

Ta goge hannu ta karɓa. "Waɗannan ƙananan lambobin na gefe fa? Uku, uku, ɗaya, huɗu?"

Na ce, "Lambar ɗakin jarrabawa ce, ko wani abu nasu."

"Ke da kika ci bak, jarrabawar shiga jami'a? Kowefisiyan ne. Nauyin kowane darasi. Ba ɗaya suke ba."

Na san kalmar mana, na yi ta fama da ita a lise, babbar sakandare. Amma a sanarwar da na gani babu ita, kuma fushi bai bar ni na kalli gefen takardar ba. Yaya ta jawo kaye, littafin rubutun wani ɗalibinta, ta buɗe shafin baya. Sha huɗu sau uku. Sha uku sau uku. Sha biyu sau ɗaya. Shida sau huɗu. Abin da Malam ya kira surutu shi ya fi kowane darasi nauyi. Ta haɗa, ta raba da sha ɗaya. Ya ba da goma da rabi da ɗan abu.

Na yi tsalle. "To ai ko a haka na wuce goma!"

Ta ce, "Haka ne. Nuna mini sanarwar."

Na ba ta salula. Ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta gangara har ƙasa, can kusurwa inda inuwar yatsan nan take. An rubuta ɗaya bisa biyu.

"Ina shafi na biyu?"

Ban taɓa sanin akwai shi ba. Muka kira ƙawata, ita ma ba ta da shi. Ta kira wani, wanin ya kira wani. Sai bayan azahar hoton ya shigo. Layi shida ne kacal. Na farko ya jera nauyin darussa. Na uku ya ce duk wanda ya samu ƙasa da bakwai a darasi ɗaya, ko nawa ya tara a sauran, ya fita.

Yaya ta mayar mini da salula ta koma ga zogalenta. Ta ce, "Ba wanda ya cuce ki. Maki ɗaya ne."

Na shiga ɗakinta na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da sakamako ya fito. Wata biyar, da motar Konni, da bukukuwan da na ƙi zuwa, duk a kan rabin takarda na gina su. Takardar ƙorafin tana cikin jakata, na rasa ma yadda zan yi da ita. Da na gaya wa Malam, ya ce a zamaninsu ba haka ake yi ba. Bai ce ya yi kuskure ba, amma Asabar ta gaba na tarar ya ajiye mini kwali cike da tsoffin jaridu.

Shekara ta biyu na shiga da idona a buɗe, sai dai rubutun nan ba shi da littafin da za a haddace. Yaya ta haɗa ni da wata abokiyar aikinta mai koyar da Faransanci. Na rubuta mata irin abin da na yi a jarrabawa. Ta karanta shafi biyu ta ajiye.

Ta ce, "Labarinki da daɗi, amma ba labari aka tambaye ki ba. Ina matsalar da kika ɗauko? Ina ɓangare na ɗaya, ina na biyu? Mai gyara yana da takardu tuli a gabansa. In bai ga tsari a shafin farko ba, ya gama da ke."

Wannan ya ƙona mini rai fiye da shidan. Na san ci-rani tun ina goye, amma wanda bai taɓa taka ƙauye ba, in ya iya raba magana gida biyu, zai fi ni maki. Haka na haƙura na koyi rabawar. Duk mako rubutu ɗaya, ta mayar mini da shi ja-wur da jan bik. Bakwai, bakwai da rabi, takwas, sai kuma in koma bakwai. Na zama mai lissafi kamar mai ciwo: in na samu tara a nan, nawa nake buƙata a can? Gefen kowane littafina cike yake da sau uku da sau huɗu.

A karo na biyu na samu goma a rubutu. Sunana ya fito cikin waɗanda za a yi wa tambayoyin baki. Na tsaya gaban mutum uku, na amsa abin da na sani, na ce ban sani ba ga abin da ban sani ba. Da aka haɗa komai na tashi da sha biyu da ɗan kai. Babu darasin da na faɗi. Amma sunana bai zo a jerin waɗanda aka ɗauka ba. Ya zo a wani ɗan gajeren jeri a ƙasa, na masu jira, ni ce ta uku.

Wannan karon na fahimci komai, kuma fahimtar ba ta rage mini komai ba. Gasa ce. Gurabe ƙidayayyu ne, daga sama ake ɗauka har su cika. Tsakanina da na ƙarshen da aka ɗauka kwatan maki ne.

Baba ne ya kasa ganewa. Muna zaune a ƙofar gida yana gyaran igiyar akuya.

"Bara kin ce ɗaya ta yi ƙasa. Bana fa?"

"Bana babu wadda ta yi ƙasa, Baba."

"Kin kai goman?"

"Na wuce ta da biyu."

"To kin ci ke nan."

"Na ci, amma wasu sun fi ni ci."

Ya ajiye igiyar. "Uwata, in ba su da wurin zama, don mi sunka kira mutane da yawa haka?"

Ya ce to Allah ya sa haka ne mafi alheri, amma na ga yadda ya daina ɗaga kai in maƙwabta suka tsaya gaisuwa.

An ce in wani cikin waɗanda aka ɗauka bai zo ba, za a kira masu jira bi da bi. Wata biyu salula ba ta bar hannuna ba. Ko alwala zan yi sai na ɗora ta inda zan ji. Duk baƙuwar lamba sai in ɗauka da sauri, in ji mai neman takardar haihuwar ɗansa. Daga baya na ji mutum biyu ba su zo ba. An kira ta farko, an kira na biyu. A nan aka tsaya.

Na ce zan sake. Shekarar da ta biyo ba a buɗe jarrabawar ba. Wadda ta biyo bayanta aka buɗe, na nemi sanarwar, shafi biyu cif, na karanta har ƙasa. Shekaruna sun wuce iyakar da aka sa da wata huɗu. Ni da nake rubuta ranar haihuwar mutane kullum, na san akwai masu gyara tasu, har wani ya ba ni shawarar haka a fakaice. Ban yi ba. Ba zan ce don tsarkin zuciya ne kawai ba. Na gaji ne kuma.

Yanzu ina Konni, ina aiki a buron wani lauya. Ni ke tsara masa takardu, ni ke zama da mutane in saurari rikicinsu kafin su gan shi, kuma sau da yawa na san inda shari'ar za ta faɗa tun kafin a shiga kotu. Aikin ba laifi. Amma ran da na raka shi zaman kotu na ga wata matashiya bisa kujerar alƙali, wadda na tuna fuskarta daga layin tambayoyin baki, sai da na fita waje na sha ruwa. Ta yi shari'ar da kyau, ban ga abin da zan kushe ba. Na koma ciki na zauna a bencin baya, na ci gaba da rubuta abin da ake faɗa.